Lois Weber da Sinimar Wa'azi a Amurka

An haifi Lois Weber a Allegheny, cikin jihar Pennsylvania ta ƙasar Amurka, a shekara ta 1879. Tana budurwa ta ƙware a kaɗa piyano, sa'an nan ta yi wa'azi a titunan unguwannin matalauta, kafin ta shiga wasan kwaikwayo, inda ta haɗu da Phillips Smalley wanda ya aure ta. Wannan wa'azi na ƙuruciya shi ne mabuɗin fahimtar aikinta, domin da ta koma sinima ba ta bar shi ba, mumbari kawai ta sake.

A wancan zamani hotunan sinima ba su da magana, sai dai a rubuta 'yan kalmomi tsakanin hoto da hoto. Weber ita ke rubuta labari, ita ke ba 'yan wasa umarni, sau da yawa kuma ta fito a ciki. A 1914 ita da mijinta suka mai da wasan Shakespeare, The Merchant of Venice, zuwa sinima, kuma ana lissafa ta mace ta farko a Amurka da ta shirya dogon fim. A 1916 ta fitar da Shoes, labarin wata yarinyar kanti wadda talauci ya sa ta sayar da mutuncinta saboda takalmi. A 1917 ta kafa kamfanin kanta.

Fim ɗin da ya fi dacewa malamai su lura da shi shi ne The Blot, na 1921. Wani shehun malami ne albashinsa ba ya ciyar da iyalinsa, alhali maƙwabcinsa mai ɗinkin takalma yana cikin wadata. Da 'yarsu ta kwanta ciwo, matar malamin ta ɗauke kazar maƙwabta, kunya ta kama ta, ta mayar. A nan hikimar Weber ta bayyana: da tsohon takalmi da yagaggiyar kujera take nuna talauci, ba da dogon bayani ba.

Amma masu kallo sun fara gajiya da gargaɗi, manyan kamfanoni kuwa suka mamaye sana'ar. Kamfaninta ya durƙushe, aurenta ya mutu a 1922. Fim ɗinta na ƙarshe, White Heat, ya fito a 1934. Ta rasu a Hollywood a 1939 cikin talauci, ƙawarta Frances Marion, marubuciyar labaran sinima, ita ta biya kuɗin jana'izarta. Yawancin finafinanta sun ɓace.