Cibiyar zarra mai layi kamar katantanwa

Kimiyyar kwantam tana da wani hukunci mai ɗaure kai: cibiyar ƙwayar zarra, muddin zagayayya ce sumul, ba ta iya juyawa. Duk inda aka juya ta kamanninta ɗaya ne, babu gaba babu baya, don haka babu juyin da za a auna. Ashe duk cibiyar da aka kama tana juyi, siffarta ta riga ta karkace.

James Rainwater ne ya kawo batun karkacewar a 1950, Aage Bohr da Ben Mottelson kuma suka gina bayaninta a Kopanhagen. Su ukun suka raba kyautar Nobel a 1975.

Ba da ido ake ganin abin ba. Ana gwara cibiya da cibiya da gudun tsiya har su haɗe, sabuwar ta kama juyi, tana rage gudu tana fitar da hasken gama mataki-mataki. Tazarar matakan ce ke tona siffarta. Ta haka Peter Twin da abokan aikinsa a Daresbury ta Ingila suka gano a 1986 cewa tsawon cibiyar disfurosiyam-152 kan ninka faɗinta idan juyi ya yi tsanani.

Abin ya fi armashi idan tsawo da faɗi da kauri duk sun sha bamban. Irin wannan cibiya ba ta tsayawa ƙyam a kan ƙafa ɗaya, tana juyi tana layi, kamar katantanwar da yara suka murza ta fara gajiya. Bohr da Mottelson sun hango haka tun 1975, amma sai a 2001 aka ga wannan layin a cibiyar lutetiyam-163.

A 1997 Stefan Frauendorf da Jie Meng suka ƙara da cewa a irin wannan cibiya, juyin furoton guda, da na niyutoron guda, da na sauran cibiyar, kowanne na iya fuskantar nasa ɓangaren, tsarin ya zo iri biyu, na dama da na hagu. Alamarsa jerin matakai biyu ne tagwaye. An ga irinsu a buromin-78 a ɗakin gwaji na iThemba, kusa da Kef Tawun.

Sai dai tagwayen kan yaudari mutum. Furasodimiyam-134 ne misalin farko da aka yi ta tinƙaho da shi, amma awon da aka buga a 2006 ya nuna jerin biyu ba sa fitar da haske da ƙarfi iri ɗaya, masana suka koma muhawara a kansa.