Jama'ar Dingyadi, Kada Mu Bari a Ƙara Wani Satiru

Jama'ar Dingyadi, jama'ar Boɗinga da Shagari, ku saurara. Wutar 'yan bindiga da muke jin labarinta a Isa da Sabon Birni ta daina zama labarin gabas. Ta ci Tureta. Ta shiga ƙauyukan Shagari. Garuruwa nawa suka rage tsakaninmu da ita? Me muke jira?

Ku tuna Satiru. Ga ta nan kusa da mu, kudu da birnin Sakkwato. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 talakawan garin, da gatura da fartanyu da kibau, suka fatattaki sojan mulkin mallaka, suka kashe Turawa uku. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu da bindiga mai jigida. Kimanin mutum 2,000 aka kashe. Aka kwashe mata da yara. Aka baje garin. Sarkin Musulmi Attahiru na biyu ya la'anci duk wanda ya sake gini ko noma a wurin. Wa ya tsaya tantance mai laifi da marar laifi? Babu. Kuɗin goro aka yi musu. Yau fiye da shekara 100 ke nan, Satiru kufai ce.

Gari yana watsewa a dare ɗaya, amma komawa sai wanda Allah ya so. Ku tambayi 'yan gudun hijirar da ke kwana a makarantu da kangaye. Da suka fito, cewa suka yi kwana biyu za su yi. Damina nawa ta wuce? Gona ta zama daji, dajin ya zama maɓoyar ɗan bindiga. Rijiya ta rufta. Yara sun tashi ba boko ba allo. Wanda ya daure ya zauna, sai ya biya haraji kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya girbe geronsa.

Akwai kuma tsohon miki da ake sosawa. A nan Sifawa Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. A Boɗinga ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, ita ma kufai ce yau. Wannan tarihi namu ne duka. Amma ku ji abin da ake yi da shi a Facebook da TikTok, musamman tun da 'yan bindiga suka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a watan Agusta 2024. Wai yaƙin jihadin Shehu na 1804 ne bai ƙare ba. Wai Bahaushe daban, Bafulatani daban. Ƙarya ce mai kisa! Da Hausawa da Fulani aka yi wancan yaƙin a kowane ɓangare. Kuma ɗan bindigar yau ba ya tambayar asali kafin ya kora shanu. Wane gida ne a Dingyadi ba shi da suruki ko kaka a ruga?

Haka Zamfara ta fara. Satar shanu, sai 'yan sa-kai suka shiga kashe Fulani a kasuwa ba shari'a. Aka ƙona rugage. Samari suka shige daji, suka tarar da makaman da suka malalo daga Libiya bayan 2011. Kowa ya ce ramuwa yake yi. Wa ya ci riba? Shin wannan hanyar za mu bi?

Alamun sun bayyana, kada a ce ba a gani ba. Baƙin babura da almuru. Mai sayen fetur jarka-jarka da burodi buhu guda, alhali ba biki ba suna. Yaron da ba ya sana'a amma ya canza waya. Rugar da ta tashi cikin dare ba sallama. Ka gani ka yi shiru? Gidanka ne na gaba.

Ku kai rahoto ga mai unguwa da hakimi da jami'an tsaro yau, kada ku bari sai gobe. Wanda aka kama, a miƙa shi ga hukuma da ransa. Kada ku taɓa ruga don laifin mutum ɗaya. Kada ku tura saƙon muryar da ke zagin wata ƙabila, ku goge shi. Iyayenmu sarakuna, ku kira arɗo da sarkin noma su zauna tabarma ɗaya kafin girbi, a buɗe burtalin da aka cinye, a biya ɓarnar gona a gaban shaidu. Malamai, ku faɗe shi a huɗubar wannan Juma'ar. Shugabannin ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari, Mai girma Gwamna Ahmad Aliyu, ku girke jami'an tsaro a ƙauyukan bakin daji tun mutane suna cikin gidajensu.