Hoton 'Yan Tsuntsaye Lokacin Hunturu: Ya Fi Danƙo da Keji

Uwargida, ko kin san cewa hunturu ne lokacin da ya fi dacewa da kallon ƙananan tsuntsaye? Da zarar an gama girbi a ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan, ciyawa ta bushe, kududdufai sun ƙafe, sai tsuntsaye masu cin tsaba su tattaru a fadamun rake da tumatir, wasu kuma su shigo har tsakar gida, gindin turmi da bakin rijiya.

Wadda aka fi sani ita ce baiwar Allah, tsawonta kamar santimita 10. Namijin ja ne, macen kuwa ruwan ƙasa ce. Akwai asisi mai shuɗin ƙirji, wanda namijinsa ke da jan tabo a kumatu, ga kuma kanari mai daɗin murya. A 1998 masani Robert Payne ya bayyana wani nau'in baiwar Allah na duwatsun Jos wanda ilimin kimiyya bai sani ba a da. Masu ɗaukar hoto kan je dajin Amurum kusa da Jos domin su gan shi.

Sai dai a garuruwanmu danƙo da keji ne rabon waɗannan bayin Allah, ga kuma sare itatuwan da suke sheƙa a kai. Yaron da aka koya wa ɗaukar hotonsu da waya yakan ajiye danƙo da kansa, domin mushen tsuntsu ba ya kyau a hoto.

Ga yadda za ku yi. Ki ajiye kasko da ruwa kaɗan kusa da bishiya, ki watsa tsakin gero a gefe. Ku zauna da hantsi, rana na bayanku, don hazon asuba kan dusashe hoto. A jingina hannu a kan turmi kada waya ta girgiza, a kashe fitilarta, a goge ƙurar gilashin da tsumma mai laushi. A yi shiru, a yi haƙuri; cikin 'yan kwanaki za su saba. Kada a taɓa sheƙa, kuma kada a ɗauki hoto ta kan katangar maƙwabta.

Daga nan sai yara su tambayi kakanninsu sunan kowane tsuntsu, su rubuta. Kin ga an samu tausayi, an samu ilimi, sunayen Hausa kuma ba su ɓace ba.