Me Ya Sa Shinkafa Ke Fitar Da Kai Babu Ƙwaya?

Ya kai ɗalibi, in gidanku ana noman shinkafa a fadamun Yauri, Ngaski ko Shanga, wataƙila ka taɓa ganin zangarniya ta tsaya ƙiƙam ba ta sunkuya ba, a murza a ga ƙaiƙayi zalla. Sau da yawa asalin abin yana cikin fure ne.

Ka sani, kowane furen shinkafa yana da 'yan jakunkuna 6 masu ɗauke da wani gari rawaya, irin bununin da kake gani a kan gero. Wannan gari shi ne namijin. Furen kan buɗe da hantsi na ɗan lokaci, garin ya zuba a kan macen da ke cikinsa, sannan ƙwaya ta ƙullu.

To, yaya garin ke samuwa? A cikin ƙwayoyin halittar tsiro akwai abin da masana ke kira DNA. Misalinsa kamar littafi ne na asali wanda ba a fita da shi daga zaure. In ana son wani babi, sai a kwafo shi kamar yadda kake kwafa a allo. Wannan kwafi shi ne RNA. Sannan akwai wasu sinadarai na furotin masu riƙe allon, su tsare shi, su ƙayyade lokacin karanta shi. Su ma umarnin yin su yana cikin littafin.

A shekarar 2011 masana a Japan suka bayyana ɗaya daga cikinsu a shinkafa, mai suna MEL2. In babinsa ya lalace, ƙwayoyin da za su zama gari ba sa shiga rabuwa a kan kari, shinkafar ta yi ganye shar amma ba ta haihuwa.

Wannan daga ciki ke nan. Daga waje kuma, zafin da ya wuce digiri 35 lokacin buɗewar fure yana hana garin zuba da kamawa, tsananin sanyin hunturu kuma yana ɓata shi tun shinkafa na da ciki.

Saboda haka, ka gaya wa Baba: mai noman rani a bakin tafkin Kainji ya lissafa ranar shukarsa, kada fure ya faɗo tsakiyar hunturu ko ƙuna ta Maris da Afrilu. Taki da ruwa ba sa mayar da garin da ya riga ya mutu.