Tsohon gidan meri: kada mu bar shi ya zama kango

Ƴan uwa mazauna karkara, a shekarar 2004 aka yi zaɓen komin-komin a ko'ina cikin ƙasarmu ta Nijar. A lokacin, komin 265 ne. Da yawa ba su da gidan kansu. Wasu sun soma aiki cikin ɗakin aro, wasu cikin tsohon ginin gwamnati. Daga baya wasu suka gina sabon meri, wato ma'aikatar magajin gari, ma'aikata suka kwashe tebur da takardu suka koma can. To, tsohon gidan fa? Sau da yawa sai a sa masa kwaɗo a tafi. Nan ne asara take somawa.

Me ke kashe gida?

Gidan da ba kowa cikinsa ya fi saurin lalacewa. Ga dalili. Iskar rani tana tara ƙasa da ganye bisa soro, indararo ya toshe. Idan damina ta zo, ruwa ba ya samun hanya, sai ya kwanta, ya ratsa har ga azara. Azara mai laima abincin gara ce. A ƙasa kuma, ruwan da ke zuba yana cin gindin bango. Jemagu su shiga, awaki su mai da inuwar wurin kwana. Inda akwai mutane, da an ga ɗigo ɗaya za a hau a toshe. Inda ba kowa, sai ranar da rufi ya rufta za a sani. Alhali da dukiyar jama'a aka yi wannan gini.

Yadda wasu suka yi

A ƙasar Kanada akwai wani babban birni, sunansa Toronto. An gama ginin gidan magajin garinsa a 1899, da dutse, da doguwar hasumiya mai agogo. A 1965 aka buɗe sabo. Sai wasu ƴan kasuwa suka so a rushe tsohon don su gina manyan kantuna. Mutanen gari suka ƙi, aka fasa. Aka mai da gidan wurin shari'a, alƙalai suka yi shekara da shekaru suna aiki cikinsa. Ginin yana nan tsaye.

Wani zai ce, ai wannan ginin dutse ne, namu na ƙasa ne. To, mu dubi Kano, a Najeriya. Can akwai Gidan Makama, ginin ƙasa irin namu. Asalinsa tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, sun yi aikin mulki cikinsa. Daga baya wani sashe ya zama makaranta, wani sashe ya zama gidan tarihi, inda ake nuna kayan mutanen da. Abin da ya tsare shi, duk lokacin da wani aiki ya ƙare sai a ba shi wani, ana kuma yi masa gyara da yaɓe.

Wane aiki ya dace?

Ba kowane gida ke iya kowane aiki ba. Sai a dubi gini tukuna, kana a zaɓa masa aiki.

Idan akwai babban ɗakin taro mai tagogi, ya dace da ajin yaƙi da jahilci. Mai koyon karatu yana bukatar haske. Ajin zana kuwa, kun sani, kowace shekara sai an sake shi, kuma ruwan farko ke watsa ɗalibai.

Idan ɗaki yana da daɓen siminti, ba ya yoyo, ƙofarsa mai ƙarfi ce, yana iya zama bankin cimaka. Amma a ɗora buhuna bisa katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Kada a haɗa hatsi da taki ko maganin ƙwari a ɗaki guda.

Ƙananan ɗakuna suna iya zama wurin ɗinki na ƙungiyar mata, ko ɗakin littattafai da jaridu, ko masaukin ma'aikatan lafiya da ke zuwa allurar rigakafi.

Kafin a shiga

Na ɗaya, a nemi izini. Gidan yana da mai shi, ko komin ko gwamnati. Idan na aro ne, sai a ji ta bakin wanda ya ba da aron. A je da maigari wajen hukuma, a rubuta yarjejeniya: wa zai yi amfani da gidan, wane aiki, shekara nawa. Ku da kuka iya karatu yanzu, ku karanta takardar da kanku kafin a sa hannu.

Na biyu, a kira magini ya duba tushe, da bango, da azara. Bangon da ya tsage daga sama har ƙasa, ko azarar da ta lanƙwashe, kada a tara mutane ƙarƙashinsu sai an gyara.

Na uku, bangon ƙasa da ƙasa ake yaɓe shi. Siminti ba ya kama shi da kyau. Ruwa yana shiga bayansa ya ɓuya, wata rana sai ya ɓare da guntun bango.

Na huɗu, a naɗa kwamiti, maza da mata, da ma'aji da littafin kuɗi. Kowace shekara, kafin ruwan farko, a yi gayya: a share soro, a buɗe indararo, a toshe ramuka.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. A ajinku na wannan mako, ku tattauna da malaminku: wane gidan hukuma ne ke rufe a garinku? Wa ke da shi? Wane aiki zai iya yi muku? Abin da kuka shirya, ku rubuto wa jaridarku don sauran garuruwa su ji.