Gargaɗi: Kada hasken yamma ya ruɗe ku a duwatsun Skye

’Yan’uwa mazauna Sikotilan, musamman ɗalibanmu na Glasgow, Aberdeen da Dundee da ke shirin zuwa tsibirin Skye yawon buɗe ido a Afrilu da Mayu, ku ji wannan kafin ku ɗaura takalmi. Kada wanda ya fara hawan dutse da la’asar sakaliya don ya ga rana na sama.

A ƙarshen Afrilu magariba ba ta yi a Skye sai wajen ƙarfe 9 na dare, a ƙarshen Mayu kuwa sai kusan 10. Wannan doguwar yamma ita ke jan baƙo ya bar mota a gindin dutsen Storr, arewa da garin Portree, da riga ɗaya da waya a hannu, wai zai ɗauki hoto ya dawo. Storr ya kai mita 719, kuma duk mita 150 da ka hau, sanyi na ƙaruwa da kusan digiri 1, ban da iska. Hazo kan taso daga teku ya rufe hanya cikin mintoci kaɗan, har ka daina ganin abokinka da ke gaba. A duwatsun Quiraing kuwa turbar siririya ce, gefenta gangare mai zurfi. Duwatsun Cuillin, inda Sgùrr Alasdair ya kai mita 992, kan riƙe ƙanƙara har wannan lokaci, kuma dutsen wurin na karkatar da allurar kamfas. Ba wurin ɗan koyo ba ne.

Abin tsoro shi ne sanyi ya haɗu da jiƙa. Wandon jins da rigar auduga in suka sha ruwa sai su riƙa zuƙe ɗumin jiki. Mutum zai fara karkarwa, sai tuntuɓe, harshe ya yi nauyi, daga nan ya ce a bar shi ya ɗan kwanta. Idan kun ga haka, ku tsaya inda iska ba ta bugu, ku sauya masa kaya busassu, ku raba shi da ƙasa mai sanyi, ku ba shi abu mai zaƙi in yana iya haɗiya.

Ku duba hasashen yanayin duwatsu na Met Office, ku fita da safe. Ku ɗauki rigar ruwa, rigar sanyi, takalmi mai riƙe ƙasa, fitilar goshi da taswirar takarda, domin sanyi na cinye cajin waya, sabis kuma yakan ɗauke. Ku gaya wa wani inda za ku da lokacin dawowa. Ku yanke lokacin juyawa tun a ƙasa, in ya cika ku juya ko ba ku kai ƙololuwa ba.

In ta ɓaci, ku kira 999, ku nemi ’yan sanda, ku ce masu ceton kan dutse kuke so. ’Yan sa-kai ne, isowarsu na iya ɗaukar sa’o’i, don haka ku zauna wuri guda.

Bayan kun sauko ku duba jikinku saboda kaska, wadda ke yaɗa cutar Lyme. Duk wanda ya ga jan zobe na faɗaɗa a inda ta cije shi, ya ga likita ba da jinkiri ba.

Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Allah ya tsare.