Buɗe Ofis a Unguwar Zama a Daura: Me Doka Ta Tanada?

Tun da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura a 2019, Jami'ar Sufuri kuma ta biyo baya, gidajen zama sun ƙara daraja a idon lauyoyi, likitoci da masu awon fili da ke neman ofis. Sai dai mallakar gida ba ta ba mutum damar mayar da shi duk abin da ya ga dama. Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, kuma takardar mallaka kan fayyace ko na zama ne ko na kasuwanci. Dokar Tsara Birane ta 1992 kuwa ta ɗauki sauya amfanin gini a matsayin aikin da sai da izini. A Jihar Katsina, a wurin Hukumar Tsara Birane ake neman wannan izini.

Wani zai ce ai Daurawa sun daɗe suna sana'a a zaure, tela da malamin allo ba su taɓa neman takarda ba. Gaskiya ne, amma keken tela ba ya hana maƙwabci barci. Asibitin kuɗi kuwa yana zuwa da janareta mai kwana yana ruri, da motocin da ke toshe lungu, da sharar allurai. Don haka kamata ya yi hukuma ta auna ofis da irin takurar da yake jawo wa maƙwabta: akanta mai ɗaki ɗaya a sauƙaƙa masa, ɗakin gwajin jini kuma a tura shi bakin babban titi, bayan an ji ta bakin mai unguwa.